Jirgin sojan da ya faɗi a filin jirgin Katsina: da a gona ya faɗi fa?

Ranar Laraba, 12 ga Yunin 2019, kwana takwas bayan ƙaramar salla, hankalin ƙasa yana Abuja, inda aka yi bikin Ranar Dimokuraɗiyya karo na farko a wannan rana maimakon 29 ga Mayu. Da misalin ƙarfe 3:30 na yamma, ana shirin la'asar, wani jirgi mai saukar ungulu na rundunar sojin saman Najeriya ya faɗi a filin jirgin sama na Umaru Musa 'Yar'aduwa da ke Katsina, yana cikin sauka. Daga farmakin da ake kai wa 'yan bindiga ƙarƙashin shirin Hadarin Daji ya dawo. Kakakin rundunar na lokacin, Ibikunle Daramola, ya sanar cewa babu wanda ya rasa ransa, a cikin jirgin ko a ƙasa, kuma babban hafsan sojin sama na lokacin, Sadique Abubakar, ya ba da umarnin kafa kwamitin bincike nan take.

Labarin bai daɗe a bakin mutane ba. Aka ce Allah ya taƙaita, Allah ya tsare gaba, kowa ya koma kan sabgarsa. Ni kuwa ina ganin wannan faɗuwa ta cancanci a zauna a kanta, musamman da yake ba a yi zaman makoki ba, ana iya dubanta da sanyin zuciya. Tun daga wancan lokaci jiragen yaƙi ba su daina ratsa samaniyar Jibiya da Batsari da Safana da Ɗanmusa da Ƙanƙara da Faskari ba. An sauya wa shirin suna zuwa Fansan Yamma a 2024, amma aikin yana nan. Jirgin ranar nan ya faɗi ne a wurin da aka tanada musamman domin irin wannan rana. Sauran tafiyarsa, zuwa da dawowa, a kan gonaki da ƙauyuka ya yi ta.

Abin da filin jirgi ya tanada

A filin jirgi akwai ido a kan jirgin tun kafin ya taɓa ƙasa. Ma'aikacin hasumiya yana magana da matuƙi, yana kallonsa, kuma da ya ga abin da ba daidai ba zai buga ƙararrawa. 'Yan kwana-kwanan filin suna zaune ne cikin shiri, ba sai an nemo su daga cikin gari ba. Ƙa'idar hukumar kula da sufurin jiragen sama ta duniya ita ce motar kashe gobara ta isa kowane ɓangare na titin jirgi cikin minti uku ko ƙasa da haka. Dalilin wannan gaggawa shi ne jikin jirgi siririn alminiyam ne, wutar mai tana huda shi cikin ɗan lokaci kaɗan, hayaƙi kuma ya fi wutar saurin kisa.

Man jirgi dangin kananzir ne. Tururinsa yana iya kamawa tun daga zafin digiri 38, kuma duk wanda ya yi bazara a Katsina ya san rana tana wuce nan. Shi ya sa ba a ɗaukar man da ya malala a ƙasa da wasa, ko da babu wuta tukuna. Da kumfa ake rufe shi, domin mai yana tasowa saman ruwa, idan aka watsa masa ruwa zalla sai ya bi ruwan ya faɗaɗa.

Sai shinge. Mutanen gari ba sa iya kutsawa, saboda haka waɗanda suka fara isa wurin mutane ne da suka san abin da ke gabansu. Rundunar sojin sama tana da sansani a Katsina, masu kula da makamanta ba su da nisa. Wannan shi ne babban abin da ya bambanta jirgin soja da na fasinja. Jirgin da ya dawo daga farmaki ana ɗaukarsa a matsayin mai ɗauke da makami har sai masu kula da makamai sun duba sun ce babu. Akan samu roka da aka harba ta ƙi fita, ta maƙale a bututunta, kuma ita ce mafi muni, don an riga an tashe ta. Akan samu ragowar harsasai a bindiga, zafi kaɗai ya isa ya tayar da su. Akwai kuma ƙananan tartsatsin wuta da jiragen yaƙi ke cillawa don kauce wa makami mai bin zafi, waɗanda ke ci da tsananin da ba a iya kashewa da guga. Saboda haka ma'aikacin da ya san aikinsa ba ya tsayawa a gaban jirgin soja da ya faɗi, ba ya tsayawa a bayan bututun roka, daga gefe yake zuwa, iska tana bugun bayansa.

Ko jirgin da babu makami a cikinsa yana da nasa sharrin. Akwatin giyar jirage masu saukar ungulu da yawa ana yin sa da ƙarfen maganiziyam, wanda idan ya kama yakan yi farar wuta mai kashe ido, ruwa kuma ƙara tunzura shi yake yi. Tayoyi da tukwanen iska suna fashewa. Farfela da wasu sassan jiki a jiragen zamani zare ne da aka haɗa da ƙaro, idan suka ƙone sai zaren ya saki, ya zama ƙura mai kaifi da ke shiga huhu da fata.

Da a ce minti biyar kafin nan ne

Jirgi mai saukar ungulu yana gudun sama da kilomita 200 a awa. Minti biyar kafin saukarsa yana nesa da fili da fiye da kilomita 10. A tsakiyar Yuni, farkon damina ke nan a ƙasar Katsina, mutane suna gona, wasu na shuka wasu na noman farko. Da a can abin ya faru, wanda zai fara isa manomi ne da fartanya a kafaɗa, sai yara masu kiwo, sai masu babura da suka hango hayaƙi daga hanya. Motar kashe gobara kuwa sai ta fito daga gari, ta nemi hanyar da taɓo bai cinye ba. Awa ta farko gaba ɗaya a hannun mutanen ƙauye take.

Halinmu ne mu ruga inda aka shiga uku, kuma hali ne mai kyau da ba na so a kashe. Abin da ya rage shi ne a san yadda ake rugawar. Idan akwai mai rai da ake gani, wuta ba ta kama ba, mutum biyu ko uku masu natsuwa sun isa su matsa, daga gefe, daga ɓangaren da iska ke tasowa, kuma daga tudu idan wurin gangare ne, don mai da tururinsa gangara suke yi. A rufe hanci da baki da ƙyalle. A bar babura nesa a kashe su. Babu taba, babu ashana. Waya ma a yi kiran daga nesa, ba a kan tarkace ba. Idan farfela tana juyawa, a jira ta tsaya, domin a ƙasa marar daidaito bakinta yana iya saukowa daidai kan mutum, ƙaramar farfelar wutsiya kuwa ba a ma ganinta idan tana gudu.

Wanda aka samu da rai ana ɗaukarsa a matsayin mai karaya a wuya ko gadon baya. Idan wuta ba ta matso ba, gara a bar shi yadda yake, a riƙe kansa kada ya motsa, a danne inda jini ke zuba, a yi ta yi masa magana. Hular kwanonsa ba a cire ta sai idan ta hana shi numfashi. Idan dole ce ta sa a janye shi, a ɗauke shi a miƙe, kai da jiki a layi ɗaya, ko a kan ƙyauren ƙofa ne. Naɗe irin wannan majinyaci a kan babur tsakanin mutum biyu yana iya mayar da karayar da za ta warke ta zama shanyewar jiki ta har abada. Ƙuna kuma ruwa mai tsabta ake zuba mata na kamar minti 20, ba man goge baki ba, ba ɗanyen ƙwai ba, ba gishiri ba.

Idan kuwa wuta ta riga ta kama sosai, ko an fara jin fashe-fashe, magana ta ƙare, kowa ya ja baya. Na san wannan yana da ɗaci a faɗa, amma wanda ya matsa a wannan lokaci ƙara yawan gawa kawai zai yi. Tazarar da ake koya wa masu kashe gobara ta ɗaruruwan mitoci ce, idan kuma bama-bamai ne a cikin wuta ta wuce kilomita ɗaya. Tsayuwar da muke yi a bakin gona muna kallo, muna ganin mun yi nisa, a cikin haɗarin take.

Ba jirage masu saukar ungulu kaɗai ke shawagi a yankin nan ba. Akwai Alpha Jet, akwai Super Tucano guda 12 da aka sayo daga Amurka suka iso a 2021. Waɗannan suna da kujerar da ke cilla matuƙi sama idan jirgi ya gagara, kuma abubuwa masu fashewa ne ke cilla ta. A jikin jirgin, kusa da mazaunin matuƙi, akwai alama ja mai kusurwa uku da ke gargaɗi a kanta, marikinta kuma zanen rawaya da baƙi gare shi. Idan jirgin ya faɗi da kujerar a ciki, tana nan a ɗane. Mai neman taimako da ya ja wannan mariki yana zaton bel yake kwancewa zai iya hallaka kansa da matuƙin gaba ɗaya. Duk abin da ke da zanen rawaya da baƙi a jirgin soja, hannu ya nisance shi.

Ranar 18 ga Yulin 2021 'yan bindiga suka harbo wani Alpha Jet a kan iyakar Zamfara da Kaduna. Matuƙinsa, Abayomi Dairo, ya fice da kujerar, ya sauka da lema, ya ɓuya har dare, ya yi amfani da wayarsa wajen gane hanya har ya isa inda sojoji suke. Wannan lamari ya nuna abu biyu da suka shafe mu kai tsaye. Matuƙi yana iya kasancewa nesa ƙwarai da inda jirginsa ya faɗi, don haka wanda ya ga lema tana saukowa ya riƙe wajen da ta nufa, ya gaya wa jami'ai. Na biyun ya fi nauyi: a yankinmu ba masu ceto kaɗai ke neman wurin da jirgin soja ya faɗi ba. 'Yan bindiga ma suna son matuƙin, suna son makaman. Saurayin da ya ɗora bidiyo a Facebook ko WhatsApp da sunan ƙauye tun kafin sojoji su iso, jagora ya yi musu, kuma ƙauyensu ne zai fara ganin sakamakon.

A nan ne mai gari ke da aikin da babu mai iya yi masa. Yaron da ya rugo ya ce, "Ranka ya daɗe, jirgi ya faɗi a fadama," ya kawo labarin inda ya dace. Mai gari ne zai kira hakimi da baturen 'yan sanda, a gwada lambar gaggawa ta 112, a faɗi sunan wuri da hanyar da mota za ta iya bi a damina, da ko akwai wuta, da ko an ga masu rai. Shi ne kuma zai ce wa matasa su koma baya su koma. 'Yan sintiri da jami'an tsaron al'umma da gwamnatin Dikko Umaru Raɗɗa ta ƙaddamar a Oktoban 2023 suna cikin garuruwan nan dare da rana, su ne suka fi dacewa su yi wa wurin zobe daga nesa har sojoji su iso. Ina ganin ya kamata wannan darasi ya shiga horon da ake ba su, ko na wuni ɗaya ne.

Aikin kwamitin bincike

Haɗarin jirgin farar hula yana da tsarin bincike na duniya, wanda ya samo asali daga yarjejeniyar Chicago ta 1944, kuma a Najeriya hukumar binciken haɗarin jiragen sama ta AIB ce ke yin sa a da, kafin dokar 2022 ta mayar da ita NSIB. Jiragen soja ba sa cikin wannan yarjejeniya. Rundunar ce ke kafa kwamitinta, kamar yadda aka yi a Katsina, rahoton kuma hannun babban hafsa yake komawa. Amma akan haɗa hannu. Lokacin da jirgin sojin sama samfurin King Air ya faɗi kusa da filin jirgin Kaduna ranar 21 ga Mayun 2021, babban hafsan sojin ƙasa Laftanar Janar Ibrahim Attahiru da wasu mutum 10 suka rasu, an gayyaci AIB ta shiga binciken, ita ta karanta na'urorin naɗar bayanan jirgin, ta miƙa wa rundunar rahoton wucin gadi.

Wani ɓangare na aikin kwamiti a ofis ake yin sa. Ana killace littafin gyaran jirgin kada a ƙara ko a rage, ana ɗibar samfurin mai daga tankar da ta ba shi, ana sauraron maganar matuƙi da hasumiya, ana duba yanayin iska da zafi na wannan sa'a, ana gwada jinin matuƙa, ana tambayar barcinsu da aikinsu na kwanakin da suka gabata. Sauka ita ce lokacin da jirgi mai saukar ungulu ya fi buƙatar ƙarfin inji, iska mai zafi kuma ba ta da kauri, ba ta ɗaukar jirgi kamar ta sanyin safiya. Ƙurar da farfela ke tayarwa tana iya rufe wa matuƙi ƙasa. Jirgin da ya dawo daga fagen daga kuma dole a tambaya ko harsashi ya taɓa shi a can, lahanin bai bayyana ba sai wajen sauka. Duk waɗannan tambayoyi ne da kowane kwamiti zai bi ɗaya bayan ɗaya.

Babban ɓangaren amsar kuwa a ƙasa yake kwance. Mai bincike kamar mai bin sawun shanun sata yake: idan gari ya riga shi tattake wurin, iliminsa bai da amfani. Abin da yake fara nema shi ne ko duk sassan jirgin suna wuri ɗaya, hanci da wutsiya da bakin kowace farfela. Idan aka tsinci guntun farfelar wutsiya can baya a kan hanyar da jirgin ya biyo, to tun a sama ta rabu da shi. Zanen da jirgi ya yi a ƙasa yana faɗin ta inda ya zo da yadda ya karkata. Yadda farfela ta karye yana nuna ko inji yana ba ta ƙarfi lokacin da ta bugi ƙasa ko ya riga ya mutu. Shatin baƙin hayaƙi yana bambanta wutar da ta kama a sama da wadda ta kama bayan faɗuwa. Hatta ƙaramin ƙwan fitilar gargaɗi yana ba da shaida, domin zaren cikinsa idan yana da zafi lokacin bugun miƙewa yake yi, idan a kashe yake karyewa yake yi. Kowane maɓalli a mazaunin matuƙi, yadda aka same shi haka ake so a gan shi.

To a duba abin da ɗaukar guntun ƙarfe ɗaya ke jawowa. Yaro ya tsinci wani ƙulli ya sa a aljihu don ya nuna wa abokai, alhali wataƙila shi ne ƙullin da ya tsinke ya kayar da jirgin, irinsa kuma yana jikin sauran jiragen da za su tashi gobe da 'ya'yan wasu a ciki. Ɗan jari-bola ya loda buhu ya kai kan sikeli, a ciki akwai kan roka da bai fashe ba, sai ranar da aka sa masa guduma a cikin gari. Akwatin naɗar bayanai da ake ce wa baƙin akwati ma launin ruwan lemo gare shi mai haske, daidai abin da zai ja idon yaro. Babu zinari a cikinsa, babu wani ƙarfe mai tsada da ake raɗe-raɗi. Wanda ya gan shi ya bar shi inda yake, ya nuna wa jami'ai.

Mutanen ƙauye suna da abin da kwamiti ke buƙata ƙwarai, wato abin da idonsu ya gani da abin da kunnensu ya ji. Ko ƙarar injin ta sauya, ko hayaƙi ya fito tun a sama, ko jirgin yana juyawa a kan kansa, ko an ji harbi. Shaida ta fi inganci idan kowa ya ba da tasa shi kaɗai, tun kafin a zauna a dandali a haɗa labarai su zama ɗaya. Mutane da yawa suna gudun faɗa don tsoron kada a riƙe su, saboda haka ya kamata masu binciken su bi ta hannun mai gari, su zo da mai jin Hausa sosai, su zauna da dattijo su ce masa Baba, su bar shi ya faɗa da bakinsa. Bidiyon da aka ɗauka daga nesa shi ma shaida ce mai daraja idan kwamiti aka ba.

Idan an yi rasuwa, zuciyar Musulmi tana gaggawar sutura, kuma hakan daidai ne. Abin da ake nema shi ne a rufe mamacin da mayafi a inda yake, a tsare shi daga idon mutane da kyamarar waya, a bar ɗaukarsa ga jami'ai, sai idan wuta za ta cim masa, a lokacin a sa alama a inda aka ɗauke shi. Wurin da kowa yake zaune da irin raunin da ya ji suna cikin abin da likitan kwamiti ke karantawa. Wannan ba ya jinkirta jana'iza yadda ake tsoro: Janar Attahiru da abokan tafiyarsa washegari aka binne su a maƙabartar sojoji ta Abuja. Abin da ba shi da uzuri ko kaɗan shi ne uwa ta fara ganin gawar ɗanta a waya kafin a zo mata gaisuwa.

Rundunar tana da hujjar riƙe wasu bayanan bincikenta, tunda yaƙi ake yi. Amma wannan ilimi na kare kai ba sirrin soja ba ne. Shirin minti goma da Hausa a Rediyon Jihar Katsina, da zama ɗaya da hakimai a fadar Katsina da ta Daura, da hoton alamar nan ja mai kusurwa uku a bangon makarantun firamare, za su isar da shi inda ake buƙata.

Mai gonar da abin ya faɗa wa shi ne ake barin sa da sauran aiki. Bayan sojoji sun kwashe tarkace sun tafi, ƙasar wurin ta sha mai da tokar zare, bai kamata a sa dabbobi kiwo a kai ba, kuma idan akwai rijiya ko tafki kusa a daina sha har a duba ruwan. Ya nemi a rubuta ɓarnar amfanin gonarsa tun jami'ai suna wurin, da shaidar mai gari. Harsasai da kan roka suna nutsewa a ƙasa mai laushi, garma ta tono su bayan shekara ɗaya ko biyu. Idan hakan ta faru kada ya ɗaga, kada ya jefa a rijiya ko a wuta. Ya kafa sanda a ɗan nesa da wurin, ya hana yara zuwa, ya kai wa mai gari labari a kira masu kwance bam.